Kiwon Kififiya Mai Laushin Baya a Gida: Ko Ta Dace da Yara?

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. Bambance kififiya mai laushin baya da kunkuru.
2. Lissafa yawan ruwan da kififiya ke buƙata gwargwadon girmanta.
3. Bayyana yadda ƙwayar cutar Salmonela ke tashi daga ruwan kififiya ta kai cikin yaro.
4. Yanke shawara, tare da hujja, idan yaro ya ce a bar masa kififiya a gida.

GABATARWA

A ƙasashe irin su China da Japan akwai shagunan da sana'arsu ita ce sayar da dabbobin ajiyewa a gida don sha'awa, kuma cikin hajarsu har da 'ya'yan kififiya. Jaririyar kififiya abar sha'awa ce. Tsawonta bai wuce santimita 4 ba, ga ɗan siririn hanci, ga ƙananan idanu a saman kai, yaro na ganinta zai fara roƙo. Mu ma nan ba baƙuwa ba ce. Masunta kan kama ta a koguna da tafkuna, wani lokaci kuma yara su tsince ta a bakin ruwa su kawo ta gida cikin bokiti. Saboda haka tambayar da ke gaban iyaye, can da nan, ɗaya ce: a bar wa yaron ko a hana shi?

Kiwon kififiya aikin babba ne, babban ma wanda ya shirya. Darasin zai nuna dalili mataki-mataki, domin ku iya yanke hukunci da kanku.

1. WACE IRIN DABBA CE?

Yawancinmu mun san kunkuru. A tudu yake zama, ganye da ciyawa ne cimarsa, ƙoƙon bayansa mai tauri ne, in ya ji tsoro sai ya shige ciki ya yi lamo. Akwai gidajen da ake ajiye shi shekara da shekaru a tsakar gida bai dami kowa ba. Daga nan kuskure ke farawa: sai mutum ya ɗauka kififiya kunkuru ce da ta iya iyo, don haka kiwonsu ɗaya. Ko kusa.

Ku dube ta da kyau. Bayanta shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, kuma fata ce ta lulluɓe shi. Akwai ƙashi a tsakiya, amma gefen yana lanƙwasuwa in an danna. Wannan ya rage mata nauyi, shi ya sa take da gudu a ruwa, a tudu ma tana da saurin da zai ba ku mamaki. Fata ta haɗe yatsun ƙafafunta saboda iyo, kuma kowace ƙafa na da farce uku. Wuyanta dogo ne ƙwarai, hancinta kuwa bututu ne.

Ga amfanin wuyan da hancin. Kififiya kan sami wuri marar zurfi, ta girgiza jiki har rairayi ya rufe ta, idanu kaɗai a waje. In tana son iska sai ta miƙa wuya a hankali, ƙarshen hanci ya ɓullo saman ruwa, ta shaƙa, ta janye, ba tare da ta motsa gangar jikinta ba. Tana kuma samun wani kaso na iskar oksijin daga cikin ruwan ta maƙogwaro da fata, shi ya sa take daɗewa a ƙasa. A haka take kwanton ɓauna. Da ƙaramin kifi ya gifta, sai wuyan nan ya harba ta cafke shi. Leɓɓanta masu taushi ne, amma a ƙarƙashinsu akwai muƙamuƙi mai kaifi da ke iya fasa ƙaguwa da dodon koɗi.

Ku riƙe wannan batu, za mu koma kansa: dabbar da ba ta da ƙoƙo mai tauri da za ta dogara da shi, kariyarta biyu ce kawai, gudu da cizo.

┌ AKWATIN KALMOMI 1
Kunkuru: dabba mai ƙoƙon baya mai tauri, mai zama a tudu, mai cin tsirrai.
Kififiya mai laushin baya: 'yar'uwar kunkuru da ke zama a ruwa, fata ta rufe bayanta, nama ne yawancin abincinta. (Akwai kuma ta ruwa mai taurin baya, ba ita muke nufi a nan ba.)
Dabbar sha'awa: dabbar da aka ajiye a gida ba don ci, sayarwa ko aiki ba.
└

2. NAU'O'INTA DA GIRMANTA

Akwai kusan nau'i 30 a duniya, a Afirka, Asiya da Arewacin Amurka. Wadda aka fi samu a kasuwa ita ce ta China, domin ana kiwonta da yawa a gonaki a China da Japan saboda namanta. Tsawon bayanta kan kai santimita 25 zuwa 30. A Amurka an fi ajiye ta jihar Fulorida da wata mai ƙananan ƙayoyi a gaban ƙoƙonta. A waɗannan biyun mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba: macen Fulorida na kai santimita 60, namijin kuwa da ƙyar ya wuce rabin haka. Matsalar ita ce, suna jarirai da wuya a gane mace da namiji, saboda haka mai saye bai san abin da ya sayo ba sai bayan shekaru.

A Afirka akwai ta kogin Nilu, wadda ake samu har a kogunan Afirka ta Yamma da gaɓar tekun Bahar Rum a Turkiyya. Ita tana iya kusan mita ɗaya, nauyinta ya kai kilo 40. Sai ta Senegal, wadda ke zaune a ruwayen yankin sabana tun daga Senegal har Sudan, ta ratsa Najeriya da Chadi. Tana da wasu fatu a ƙasan ciki da take rufe ƙafafun baya da su, kuma idan tafki ya ƙafe da rani takan binne kanta cikin laka ta jira damina. Idan yaro ya kawo kififiya daga tafkin ƙauye, mai yiwuwa ita ce.

Duk nau'in da aka ɗauka, tana da tsawon rai. In ta sami kulawa tana wuce shekara 20.

3. ABIN DA TAKE BUƘATA

Ruwa

Nan ne nauyin kiwon yake, don haka za mu daɗe a kansa. A cikin ruwan nan kififiya ke ci, a ciki take kashi, a ciki take kwana. Kuma ba ta iya ci da tsabta ba: yagar nama take yi da farce, guntaye su watsu su ruɓe. Wani abin mamaki, a shekarar 2012 masu bincike a Singafo sun gano cewa kififiyar China ta baki take fitar da mafi yawan sinadarin da ke cikin fitsarinta, ta tsoma kai a ruwa ta kurkure. Duk wannan datti yana komawa amoniya, wadda guba ce. Kififiya mai taurin baya na iya ɗan jure ruwa mai datti. Mai laushin baya ba ta iyawa, domin fatarta ba ta da sulke. Ƙaramar ƙujewa ce za ta zama gyambo, fumfuna ta kama wurin ya yi fari-fari, daga nan cuta ta shiga jini. Da yawa daga cikin waɗanda ke mutuwa a hannun sababbin masu kiwo, ta wannan hanya suke tafiya.

Masu kiwo na da wani awo da suke bi: kowane santimita ɗaya na tsawon bayanta, a ba shi lita 15 na ruwa. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Sannan a sa na'urar tace ruwa mai ƙarfi da ke aiki dare da rana, a kuma kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a zuba sabo. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, sai an sa masa maganin da ke kashe kulorin ɗin kafin a zuba.

MISALI NA 1: Lissafin ruwa

Wani magidanci ya sayo jaririyar kififiyar China mai santimita 4. Yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa, jarka mai lita 25.

Ranar da ya kawo ta: 4 × 15 = lita 60. Jarka biyu da kusan rabi ke nan. Robar wanki babba za ta ɗauka, sai ya ga abin da sauƙi.

Bayan ta girma ta kai santimita 25: 25 × 15 = lita 375. A raba da 25, jarka 15 ke nan.

Canjin mako-mako: 375 ÷ 4 = kusan lita 94, wato kusan jarka 4.

A shekara: 4 × 52 = jarka 208.

Da a ce macen Fulorida ce mai santimita 60, lissafin zai zama 60 × 15 = lita 900, jarka 36. Wannan ya wuce batun tankin gilashi a falo, sai dai a gina mata kwarmin siminti a tsakar gida. Ta Nilu kuwa ba a ma maganarta a gidan haya.

Lissafin bai haɗa da wutar lantarki ba. Na'urar tace ruwa ba ƙawa ba ce. A cikinta wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke zama suna cinye amoniya, kuma idan ruwa ya daina ratsa su na tsawon lokaci mutuwa suke yi. A unguwar da wuta ke ɗaukewa ta yini ko ta kwana, mai kiwo na buƙatar sola ko batir, in ba haka ba ya ninka wahalar canjin ruwa.

Rairayi, zafi da haske

A shimfiɗa rairayi mai laushi, wankakke, mai kaurin da zai rufe ta. Tsakuwa da duwatsu masu kaifi na yanka ta, in kuma babu inda za ta ɓuya ba ta samun natsuwa, har ta ƙi cin abinci. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Da hunturu ruwa kan yi sanyi da dare, sai an sa hita. Da bazara kuma ƙaramin tanki a rana na iya zafin da zai kashe ta.

Tana buƙatar busasshen wuri mai santsi da za ta hau ta sha rana. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ake kira UVB, da shi jikinta ke haɗa bitamin D3, shi kuma ya taimaka mata ta amfana da kalsiyam ɗin da ke cikin abinci. In ta rasa shi ƙashinta ya yi rauni, bayan ya karkace. Ku lura, gilashin taga na tare wannan haske, don haka ajiye tanki kusa da taga bai wadatar ba. Ko dai rana kai tsaye tare da inuwar da za ta fake, ko kuma ƙwan fitila na musamman.

Abinci

Ƙananan kifi, tana, fara, gyare, ƙaguwa, dodon koɗi, da abincin kififiya na kanti inda ake samunsa. Ƙarama kullum, babba bayan kwana biyu ko uku. Tuwo, burodi da ragowar shinkafa ba abincinta ba ne. Kuma ita kaɗai ake ajiyewa. Biyu a wuri ɗaya cizon juna suke yi, kifin ado kuwa in an haɗa su ya zama kalaci.

┌ AKWATIN KALMOMI 2
Amoniya: guba da ke taruwa a ruwa daga kashi, fitsari da ruɓaɓɓen abinci.
Na'urar tace ruwa: inji mai jan ruwa ya ratsa soso ya dawo da shi da tsabta.
UVB: kashi na hasken rana da ido ba ya gani, wanda jiki ke buƙata don ƙarfin ƙashi.
└

4. CIZO DA YAKUSHI

Yaro na son dabbar da zai ɗauka, ya shafa, ya nuna wa abokai. Kififiya ba ta son ko ɗaya cikin ukun nan. A wurinta, duk hannun da ya ɗaga ta daga ruwa na mai son cinye ta ne. Tun da an hana ta gudu, saura cizo. Wuyanta na iya lanƙwasowa ta kan baya ya kai fiye da rabin jikinta, saboda haka wanda ya riƙe ta ta gefe, yadda ake riƙe kunkuru, ya miƙa mata yatsunsa. Tana cizo kuma tana shure-shure da farce. Cizon jaririya zafi ne kawai, amma na babba na tsaga fata har sai an yi ɗinki. Shekarun da ta yi a gida ba sa sauya wannan hali sosai. Tana iya gane mai kawo mata abinci ta taso in ta gan shi, amma abincin take nema.

Cutarwar ba gefe ɗaya take ba. Yaron da ya firgita zai wurgar da ita, faɗuwa a kan siminti kuwa na iya kashe ta.

Idan dole sai an cire ta, a kore ta cikin bokiti ko roba mai murfi. In ta kama yatsa, kada a fizge, fizga ce ke yaga nama. A tsoma ta cikin ruwa, galibi takan saki. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a je asibiti idan ya yi zurfi, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus.

Akwai wani haɗarin da ba daga bakinta yake ba. Kwarmin ruwa a tsakar gidan da ke da mai rarrafe ko mai tatata abin tsoro ne, domin ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba.

5. CUTAR DA BA A GANI

Cizo ana ganinsa, ana jin ihun yaro. Abin da ya fi shi haɗari shiru yake zuwa. Kififiya, kunkuru, ƙadangare da maciji duk suna iya ɗauke da ƙwayar Salmonela a hanjinsu ba tare da ta sa su ciwo ba. Dabbar na cikin ƙoshin lafiya, tana ci tana iyo, amma tana zubar da ƙwayar cikin kashinta. Ba kullum take zubarwa ba, don haka ko an gwada yau ba a gani ba, gobe tana iya fitowa. Wanka ba ya raba ta da ita, magani ma ba ya kawar da ita dindindin.

In ƙwayar ta shiga bakin mutum, alamu kan fara tsakanin awa 6 da kwana 6: gudawa, zazzaɓi, murɗar ciki, wani lokaci da amai. Babba mai lafiya yakan warke cikin kwana 4 zuwa 7. Ƙaramin yaro kuwa ruwan jikinsa na saurin ƙarewa, kuma ƙwayar na iya shiga jininsa ko ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A farkon shekarun 1970, lokacin da sayar da ƙananan kunkurun ruwa, wato kififiya mai taurin baya, ya zama ruwan dare, an ƙiyasta cewa mutum 280,000 ne ke kamuwa da Salmonela daga gare su duk shekara, yawancinsu yara. A 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta haramta sayar da duk wadda tsawon bayanta bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, domin irin su ne yara ke wasa da su har su kai baki. An ƙiyasta dokar na hana yara kusan 100,000 kamuwa a shekara. Duk da haka ana ci gaba da sayarwa a ɓoye, kuma a 2007 wata jaririya 'yar mako huɗu ta rasu a Fulorida, aka gano irin ƙwayar da ta kashe ta a jikin ƙaramar kunkurun ruwan da ke gidan. Shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ita ce kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko tsoho mai shekara 65 zuwa sama, ko mai raunin garkuwar jiki.

A ƙara da masu ciwon sikila. Salmonela na daga cikin manyan ƙwayoyin da ke sa musu ciwon ƙashi mai wuyar magani, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya.

Wani ɗalibi zai ce, ai kaji ma na ɗauke da ita, ga su nan cike da gidajenmu. Gaskiya ne, shi ya sa ake cewa a wanke hannu bayan taɓa su, a kuma dafa nama da ƙwai su nuna sosai. Bambancin shi ne kashin kififiya narkewa yake cikin ruwa, ruwan kuma ana ɗibarsa da hannu, ana zubarwa, yana fantsama, duk mako, shekara da shekaru.

┌ AKWATIN KALMOMI 3
Salmonela: ƙwayar cuta da ke zama a hanjin dabbobi, tana sa mutum gudawa da zazzaɓi.
Mai ɗauke da cuta: dabba ko mutumin da ƙwayar cuta ke jikinsa, bai nuna alama ba, amma yana yaɗa ta.
Garkuwar jiki: ƙarfin da jiki ke da shi na yaƙar ƙwayoyin cuta.
└

MISALI NA 2: Bin sawun cuta

A wani gida yaro ɗan shekara 10 ne ke da kififiya a babbar roba. Ƙanwarsa 'yar wata 9 ba ta taɓa taɓa ta ba. Ran Asabar ya kwashe ruwan da kofin da ke kan randa, ya watsa a tsakar gida, ya wanke robar a wurin wanke-wanke da soson kwanuka. Bai wanke hannu ba ya ɓare wa ƙanwar ayaba. Da yamma ta yi rarrafe a inda aka watsa ruwan, ta sa yatsu a baki. Ran Litinin ta tashi da gudawa da zazzaɓi.

Hanya nawa ƙwayar ta samu? Huɗu: kofi, soso, hannun yayanta, da ƙasar da ta yi rarrafe a kai.

Yadda za a toshe su: kofi, soso da bokitin kififiya su zama nata ita kaɗai. A zuba ruwan a masai ko a ramin da yara ba sa zuwa. A yi wankin nesa da madafa da wurin wanke-wanke. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan taɓa ta, ruwanta ko kayanta.

Ita jaririyar fa? A ci gaba da ba ta nono, a ba ta ruwan gishiri da sukari na ORS, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai kififiya a gidan.

Ku lura da abu ɗaya: ƙa'idojin nan huɗu ba su da wuyar faɗa, amma ana son a kiyaye su kowane mako ba fashi. Ɗan shekara 10 nawa kuka sani da zai iya?

6. TO, TA DACE DA YARA?

Ga 'yan ƙasa da shekara 5, a'a, ko da wani ne zai riƙa kula da ita, muddin gida ɗaya suke. Ga yaron firamare, ba za ta zama tasa ba. In mahaifi ko yaya babba na kiwonta bisa ƙa'ida, yaron na iya kallo, ya jefa mata abinci daga nesa, ya duba ma'aunin zafi, ya wanke hannu. A nan akwai ilimi mai yawa, kuma kallon yadda take binne kanta abin burgewa ne. Matashi mai hankali na iya ɗaukar wani ɓangare na aikin, amma kuɗi da alhaki na wuyan babba. A tuna kuma, yaron da aka saya wa ita yana shekara 10 zai tafi makarantar kwana, ya gama, wataƙila ya yi aure, ita tana nan tana jiran jarka huɗunta. Malamai kan ja kunne da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ya tsare kififiya a ruwa mai wari ya san inda ya sa kansa.

Yaron da ke son kiwo yana da zomo, tantabara ko 'yar akuya. Su ma da wanke hannu, amma suna jure taɓawa, abincinsu na kusa, kuma akwai wanda ya san kansu a kowace unguwa.

MISALI NA 3: Yanke shawara

Yaro ya dawo daga bakin tafki da kififiya a bokiti.

"Baba, don Allah a bar mini ita. Ni zan riƙa ba ta abinci."

"To, zauna mu duba. Shekarar ƙanenka nawa?"

"Biyu."

"Kakarka fa, da ke ɗakin can? Wa kuma zai sayi ruwan da za a riƙa canja mata in ta girma?"

Yaro ya yi shiru.

"Ka ga ke nan. Ɗauko bokitin mu mayar da ita inda ka same ta, ka ga yadda za ta shige cikin laka. In mun dawo ka wanke hannu da sabulu, sannan mu yi maganar zomo."

Mahaifin ya auna abu uku: wa ke cikin gidan, wa zai ɗauki nauyin, kuma har zuwa yaushe. Idan amsa ɗaya ta gaza, an gama magana.

7. DOKA DA SAKI

Mayar da kififiyar tafkinmu tafkin da aka ɗauko ta, tun ba ta daɗe a gida ba, daidai ne. Sakin baƙuwa da aka sayo daga wata ƙasa kuskure ne: tana iya kai wa na gida cuta ko ta mamaye wurinsu. Kififiyar China da aka kai tsibiran Hawayi don ci, yau ta zama 'yar gida a ruwayensu.

Yawan kififiya na raguwa a duniya saboda ci da lalacewar koguna. Babbar kififiyar kogin Yangtze ta kusa ƙarewa ƙaf, macen ƙarshe da ke hannun mutane ta mutu a gidan namun dajin Suzhou a China a 2019. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, an sa nau'o'in Afirka, har da ta Nilu da ta Senegal, cikin jerin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Najeriya da Chadi na cikin ƙasashen da suka gabatar da buƙatar.

┌ AKWATIN KALMOMI 4
CITES: yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu.
└

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo bambanci uku tsakanin kunkuru da kififiya mai laushin baya.
2. Me ya sa kififiya ta fi kunkuru saurin cizo?
3. Kififiya mai tsawon santimita 20 lita nawa take buƙata? Jarka nawa ke nan mai lita 25? Lita nawa za a canja duk mako?
4. Me ya sa ajiye tanki kusa da tagar gilashi bai wadatar ba?
5. Gaskiya ko ƙarya: kififiyar da ke ci sosai, fatarta na sheƙi, ba ta ɗauke da Salmonela. Kawo dalili.
6. Wace doka Amurka ta kafa a 1975, kuma me ya jawo ta?
7. Lissafa rukunin mutane huɗu da bai kamata a ajiye kififiya a gidansu ba.
8. A Misali na 2, wace hanya ce kake ganin ta fi wuyar toshewa a gidanku? Me ya sa?
9. Maƙwabciyarki na da ɗa mai sikila, an kawo masa kififiya tsaraba. Me za ki gaya mata?

AIKIN GIDA

Ku tambayi kuɗin jarka ɗaya ta ruwa a unguwarku, ku ninka shi sau 208, ku rubuta amsar a littafinku. Wanda ke kusa da masunta ya tambaye su ko suna kama kififiya yanzu kamar yadda suke kamawa a da, ya zo mana da amsarsu a darasi na gaba.